Shatin Hannu a Bakin Rumbu

Ni dai tun ina yaro ba na yarda da mutum farat ɗaya. Inna takan ce, "Kai ko inuwarka sai ka waiwaya ka ga me ta ɗauka." Ban taɓa jin haushin wannan magana ba, don a ganina wanda ba ya sa ido shi ake cinye wa tuwo.

Shekarar da matata ta samu cikin fari, Faransawa na nan ba su tafi ba, lanho kuma, wato harajinsu, ya kwashe kuɗin gyaɗata kaf. Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Dungu, ni kuma na shirya cin rani Kano in nemo kuɗin rago da goro. Abin da na mallaka a duniya gero ne dami ashirin a rumbun ƙasa, kuma na riga na raba shi a zuci: biyar na suna, biyu iri, sauran na cin damina. In geron nan ya taɓu, kunyata a gaban surukai za a yi ta.

A gidanmu in mutum zai yi doguwar tafiya, yakan liƙe bakin rumbu da laka, ya danna tafin hannunsa tun tana ɗanya, sannan ya mayar da jinka. Nawa hannun ba ya ɓuya, don jaki ya taɓa karya mini ƙaramin yatsa, ya warke a karkace. Ina dannawa yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye a bakin dangar da ta raba mu. Ya ce, "Ka sauka lafiya, ina nan ina dubawa." Na ce, "To, Yaya." A raina kuwa na ce ai dubawar ce nake tsoro.

Wata uku na yi a Kano ina dakon buhunan gyaɗa. Gari da ruwa nake sha in ɗaure ciki, kuɗin kuwa a laya na ɗinke su na rataya a damtse, ko wanka ba na cirewa. Da na dawo Matameye, ko buta ban ajiye ba na haye rumbu na ɗaga jinka.

Hannu na nan a jikin laka, amma yatsu biyar miƙe sambal. Faffaɗan tafi, irin na Yaya. Na mayar da jinka na sauko.

Ban tambaye shi ba. Ƙane ba ya tare yayansa ya ce me ka ɗauka, shi ma kuma bai ce mini uffan ba, wannan shirun ne ya ƙara tabbatar mini. Sai na koma sa ido. Kullum matarsa na sussuka da shiƙa, tana daɗewa kamar mai aikin biki. Na ce oho, ashe gero ya yi yawa a gidan! Da suka aiko mini da tuwo, na ji ƙasa gurus-gurus a haƙori, na ce kai jama'a, a saci abu kuma a kasa gyara shi. Ko dariya na ji ta bayan danga sai in ce da ni ake.

Ana haka aka aiko daga Dungu an sauka lafiya, namiji. Maimakon murna sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba zan buɗe rumbun nan ni kaɗai ba, gobe a ce ni na ci abina na manta. Ana jibi suna na kira limamin unguwa da maƙwabta biyu, wai su taya ni ɗora wa jakuna kaya. Kowa ya san dami biyar ba ya bukatar liman. Na leƙa danga na ce, "Yaya, ko za ka zo?" Ya fito, ya dubi mutanen, ya dube ni, ya samu inuwa ya tsuguna.

Na fasa laka na shiga, ina miƙowa ana jerawa a ƙasa. Ashirin cif. Na tsaya sororo. Sha ɗaya ɗaurina ne, tara kuwa ɗaurin Yaya, don shi kaba biyu yake zagayawa, ni ɗaya. Ƙasan rumbun kuma an yi masa sabon yaɓe, an barbaɗa toka.

Liman ya ce, "Au, bai gaya maka ba? Gara ce ta shiga bayan tafiyarka. Yini biyu yana kwasa. Wanda ta ɓata ya kai gidansa, ya zubo maka nasa."

Nan na gane shiƙar da ba ta ƙarewa, da ƙasar da na tauna. Tun lokacin geron da gara ta ɓata 'ya'yansa suke ci. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yaya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "Sun cika?" Na ce, "Sun cika, Yaya." Ya ce, "Sake ƙirgawa dai, tunda ka tara mutane." Ya shige gida.

Ranar suna shi ya ja ragon har Dungu, shi ya raba goro, don ni uban ɗan fari ne, ɓuya ta kama ni. Bai taɓa yi mini gori ba. Da kaka ta yi na kai masa dami tara, ya sa aka mayar mini har ƙofa.

Da rani ya zagayo na sake shirin Kano, na liƙe rumbu, na je bakin danga da laka a hannu na ce, "Yaya, don Allah ka riƙa duba mini." Ya dubi hannun nawa ya daɗe, sannan ya ce, "Je ka danna abinka. Ai ya fi ni amana."