Na Je Keita In Ɗauko Ɗana Daga Bakin Rijiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Galma, ni da ƙanwata, a kan amalanken maƙwabcinmu da zai kai albasa kasuwar Madawa. 'Yan uwana na ajin yaƙi da jahilci, kun ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance. To ga shi, sai ku yi haƙuri da hannuna.

Wasunku sun san dalili. Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, yana cikin masu haƙar rijiyar siminti a ƙasar Keita. Da sanyin bana rijiya ta rufta da abokan aikinsa biyu, shi yana sama yana jan bokitin ƙasa. Na nemi wani direba mai bin hanyar na ba shi saƙon baki, a gaya wa shugabansu ban yarda yarona ya sake shiga rami ba. Daga nan shiru, ba gaisuwa ba aike, har zafi ya shigo. Shi ne na ce bari in je da ƙafata in taho da shi gida, ko noma ne ya yi.

A tashar Madawa mun daɗe muna jiran mota ta cika. Kuɗin mota ya hau, wai saboda mai. Ƙanwata ta yi cinikin kilishi har mai kilishin ya ce mata ko saniyar za ta saya ne. Na sayi ɗan kaɗan na ƙulle wa yaro a bakin zane, mu kuma muka sha fura. Motar irin mai buɗaɗɗen baya ce, aka jera mu da buhunan gero da awaki biyu. Ɗaya akuyar ta ɗora haɓarta a kan gwiwata har Buza, ban hana ta ba, ita ma ba ta san abin da ke jiranta ba.

Hanyar jar ƙasa ce mai gargada. Duk inda muka ratsa ƙauye sai in ga mata a bakin rijiya, igiya ta yi tsawo, jaki na janta har ya yi nisa kafin guga ya fito. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tafi cin rani tun shekarar fari ba su dawo ba.

A Buza muka sauka jiran wata motar. Ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro akwai mai shayi, da wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, riƙe da rediyo. Ana maganar kumbon Amurkawa da ya fashe a sama da mutum bakwai, har da wata malamar makaranta mai 'ya'ya. Mushen ya yi mana bayani, wai tun ranar ba wanda ya sake tashi. Manyan wurin suna ta tura wa juna laifi, 'yan sama jannatin da suka rage sun ce an san da lahani aka ɓoye musu, wasu ma'aikatan da suka buɗe baki kuma an sauya musu wurin aiki. Mai shayi ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, wai har yanzu rububin shiga kumbo suke yi. Ƙanwata ta ce ai hauka ba ta da ƙasa. Kowa ya yi dariya. Ni ma na murmusa, don a lokacin ra'ayinmu ɗaya da ita.

Daga Buza zuwa Keita duwatsu ne baƙaƙe, mota ta hau ta gangara ta ratsa busassun ƙoramu. A wani hawa duk muka sauka maza suka tura. Kusa da Keita mun ga mata a gefen tudu suna jera duwatsu don tare ruwan sama, da goyo a bayansu, rana na dukansu. A Keita wata ƙawar ƙanwata ta sauke mu, ta ba mu kwaɗon zogale. Da safe muka bi motar siminti zuwa ƙauyen da ake aikin.

Na yi zaton zan sami yarona cikin taro. Sai aka nuna mini wata rumfar kwano can gefe, inda ake ajiye siminti da ƙarafa. Yana zaune kan gwangwani shi kaɗai, rigarsa fes, ba ɗigon laka. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe kamar yadda muka saba. Da aka sauke tukunyar rana ma'aikata suka kewaye akushi, shi aka zubo masa nasa daban aka aiko.

Wani tsoho cikinsu, Baba Tanko, wanda ya koya musu haƙa, shi ya zaunar da ni ya warware mini. Bayan rasuwar mutane biyun an tsayar da aiki, wasu manya suka zo daga birnin Tawa suna tambaya. Kowa ya yi shiru sai yarona. Ya ce shef, wato shugaban aikin, shi ne ya sa a ci gaba da haƙa cikin yashi kafin a sauke zoben siminti, don ana sauri baƙi za su zo ganin ruwa. Baƙin Tawa suka ji, suka tafi, shef yana nan. Tsohon ya ce shi ba zai ce yaro ya yi ƙarya ba, amma su ma masu haƙar sun so saurin, shi ya sa wasu ke ganin ya tona asirin kowa.

Su kuma suna da al'ada. Ramin da ya ci mutum, ba mai sake shiga sai uwarsa ta yafe masa da bakinta, wanda ba shi da uwa sai gwaggonsa. Duk sauran an yafe musu. Shef kuwa shi kaɗai ke zaɓen wanda zai sauka kowace safiya, ba wanda ya san yadda yake zaɓe, shi ya sa kowa ke rarrashinsa. Ba shi da hujjar korar yarona, sai ga saƙona ya iso. Ya tara su ya ce uwar Ɗan Galma ta hana, shi kuma ba ya saɓa wa uwa. Ya ba shi gadin siminti, har ya kira shi ƙarin girma.

Da la'asar na ce wa yaro ya haɗa kayansa. Bai ɗago kai ba.

"Inna, in kin ce in tahi, ni tahi. Amma in na bar nan haka, cewa za su yi tsoro ya sa na yi magana. Abokina Illa da munka binne, ni na riƙe mishi igiya."

"To in ramin ya ci ka fa?"

"Ai nan ma cina ake yi, Inna. A zaune."

Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba tun yana ƙarami. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura, ai na samu abin da kowace uwa ke roƙo, ɗana a bisa ƙasa kuma ana biyansa. Gaskiya ta faɗa.

Washegari kafin a fara aiki na je bakin rijiyar. Na leƙa, ban ga ƙarshenta ba, sai sanyi da ya bugo fuskata. Shef yana tsaye da hular ƙarfe, mutum ne mai fara'a, har kujera ya sa a kawo mini. Ban zauna ba. Na dafa igiyar a gaban Baba Tanko da sauransu, na ce na janye saƙona, na yafe wa yarona nonon da ya sha, ya shiga ya fito lafiya. Muryata ba ta fita sosai ba, tsohon ya maimaita musu da ƙarfi.

Shef ya yi murmushi. "Madalla, Inna. Za mu gani."

Ya kira mutum biyu suka ɗaura igiya a ƙugu, babu yarona a ciki. Yaron ya koma rumfarsa. Amma da rana Baba Tanko ya ɗauki kwanonsa ya je ya zauna kusa da shi, suka ci kilishin tare. Iyakar abin da na gani ke nan kafin motar siminti ta juya da mu.

A dawowa ƙanwata ba ta yi mini magana ba har Buza. Ban ga laifinta ba. Mun kwana Madawa, muka iso Galma da hantsi, na tarar kaji sun shiga rumbu sun yi ɓarna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in masifa ta faɗa wurin aikin maza, ana gama binne matattu sai a shiga rigimar waɗanda suka rage, wa za a sa gaba, wa za a ajiye gefe. Na kuma ga yadda mai iko ke ɗaukar tsoron uwa ya yi aikinsa da shi, ita tana gida tana zaton ta tsare ɗanta. Na tafi ɗauko yaro, na dawo na bar shi da izinin shiga rami, ban kuma san ko za su kira shi ba. Yanzu in na idar da salla na ɗaga hannu sai in tsaya. In roƙa a zaɓe shi, ko in roƙa a ci gaba da mantawa da shi? Har yau ban iya furta ko ɗaya ba, sai in ce Allah ya zaɓa masa, in shafa.