Tsohon da Ke Sauraron Tarakta

A garejin bayan kasuwa akwai taraktar da ta ƙi ɗaga garmarta. Hannuwanta na baya sukan taso kaɗan, su yi rawa, su koma ƙasa. An yi ruwa jiya, mai ita kuwa yana da gonakin mutum shida da ke jiran huɗa kafin ƙasa ta bushe. Masana huɗu sun kewaye ta, hannun kowa fes, sun kuma yanke hukunci cewa famfon man da ke ɗaga garmar ya mutu.

Tsohon makaniken garejin ya bar su suna ta magana. Gajere ne, tabaronsa ɗaure da waya, rigarsa ta manta launinta na asali. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin famfon, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai jin gulma. Ina zaton a gidansa ma sai kowa ya gama magana yake buɗe baki.

Can sai ya zaro matatar mai. Ta toshe da zare.

"Ƙanena, da me kake tace man nan?" ya tambayi mai taraktar.

"Da tsohuwar hulata, Baba."

"To, rabin hular na ciki. Famfonka lafiya lau, yunwa yake ji."

Ya wanke matatar da kananzir, ya mayar, ya ja liba, sandar ɗaga garma. Garma ta tashi, ta tsaya cak a sama. Masanan suka ce dama abin da suke nufi ke nan.

"Je ka kama danshin nan," in ji tsohon. "Hula kuma a bar ta a kai."