Malam Madubi da Sautuka Ukun da Suka Rage

Haihuwa

An haifi marigayi Malam Madubi a shekarar 1948, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma. A shagon uban, cikin wayoyi da ƙaurin dalma, ya fara jin Turanci, yana kwaikwayon masu karanta labarai tun bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Uban kan ce, "Ga rediyon da ba ya cin batir, kuma ba a san inda ake kashe shi ba."

Karatu da aiki

Ya kammala kwalejin horon malamai a 1970, aka tura shi wata makarantar sakandare. A nan ya lura cewa ɗalibai suna cinye jarrabawa a takarda, amma da an ce su buɗe baki sai ido ya raina fata. Sai ya raba wa kowa ƙaramin madubi da siririyar takarda. Da madubin ɗalibi zai ga inda harshensa ya sauka. Takardar kuwa a gaban leɓe ake riƙe ta, in an furta "p" daidai ta yi tsalle, in ta tsaya ƙyam a sake. Ranar da takardu arba'in suka yi tsalle lokaci guda, ihun ajin sai da ya fito da shugaban makaranta daga ofis a guje! Daga nan laƙabin Madubi ya bi shi, har ya danne sunansa na yanka. Aƙidarsa guda ce: babu bakin da ba ya koyuwa.

Aure

A 1974 ya auri wata tela. Bango ɗaya ne tsakanin kekenta da ɗakin da yake darasin yamma. Shekara da shekaru yana lallashinta ta shigo aji, ita kuwa amsarta ba ta canzawa: "Ni da bakina lafiya lau? Ba mai sa ni zaro harshe kamar ƙadangare."

Ritaya da jarrabawar Ubangiji

Bayan ya yi ritaya a 2005, ya ƙuduri aniyar naɗar darasi guda a kaset ga kowane ɗaya daga sautukan Turanci arba'in da huɗu, domin malaman karkara. Ya kammala arba'in da ɗaya, sai a watan Maris na 2008 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkace masa baki. Mutumin da ya gyara bakunan dubbai ya kasa kiran sunan matarsa. Babban ɗansa ya nemi ya ƙarasa masa ukun da muryarsa, Malam ya girgiza kai, ya kife madubinsa, ya yi wata biyar yana kukan zuci.

Wata safiya telar ta ture kekenta, ta ɗauki madubin ta kafa masa a fuska.

"Malam, harshe tsakanin haƙora. Ban gan shi ba. Sake!"

Ya zuba mata ido, baki sake.

"Kallon me kake min? Shekara talatin da huɗu ina jin ka ta bango. Ka zaci zare kawai nake ƙirgawa?"

Ashe duk darussan suna kanta, har da tsawar! Kullum bayan karin kumallo ta riƙa tsare shi, ba sani ba sabo. A watan Yuni na 2010 takarda ta yi tsalle a gaban leɓensa, ya fashe da dariya da hawaye tare, ita kuma ta zagaye tsakar gida tana tafi har maƙwabta suka leƙo. A 2011 ya naɗi sautuka ukun da bakinsa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Fabrairu, 2016, yana da shekara sittin da takwas. An binne shi da la'asar, tsofaffin ɗalibansa sun cika maƙabarta. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban, mai karanta labarai a rediyo, mai bi masa, likitar haƙori, na uku, injiniyan ruwa, sai auta, malamar Turanci. Har yau wanda ya saurari kaset na ƙarshe zai ji, bayan muryar Malam, wata mace daga gefe tana cewa, "Sake!" Shi da kansa ya hana a goge.