Huda Uku a Cikin Juya-in-gani

A layin teloli Juya-in-gani ake kiranta, don shekara ashirin tana kan keke ba ta taɓa yarda da ɗinki ba sai ta juya cikinsa ta leƙa. Ko uwarta ce ta ɗinka, sai ta juya.

Shekararta takwas da aure babu haihuwa, amma ciki sai tashi yake. Masu kawo ɗinki su ce, "Allah ya raba lafiya," ta amsa da amin, in sun fita ta ƙara wa siket ɗinta faɗi. Ba ɗa ba ne, ƙari ne a mahaifa, ga jinin al'ada kamar an kwance famfo.

Likita ta ce ta 'yan huda uku za a shiga da kyamara, a cire ƙarin, a bar mahaifa. Juya-in-gani ta dube ta sheƙeƙe. Yayarta da aka tsaga wa ciki sosai ma ba a bar mata komai ba, balle aikin leƙe?

Aka dai yi aikin. Tana farfaɗowa ta kai hannu cikinta. Filasta uku, kowace huda ba ta wuce ramin maɓalli ba.

"Maigida, me suka cire?"

"Ƙari mana. An nuna min hoto."

"Hoto! Da sunana a jiki? Wanda bai farke ɗinki ba, ina ya ga abin da zai bari?"

Daga nan kowa ya zama abin zargi. Mijin ya sassauta murya, ta ce akwai abin da yake ɓoyewa. Nas ta yi murmushi, ta ce na tausayi ne. Likita ta juyo mata allo ta ce, "Hajiya, ga mahaifarki." Ta ce ita dai toka take gani. A gaskiya tsoro ne ya cika ta, don cikinta ne kaɗai ɗinkin da ba ta iya juyawa.

A sati na shida tana taka keke, mara ta murɗa mata irin murɗar da ta sani. Ta ajiye almakashi ta nufi banɗakin bayan shago. Sai ga jinin nan da ta shekara takwas tana tsine wa.

Ta daɗe a ciki, har maƙwabciyar shagonta ta jiyo kuka ta buga ƙofa.

"Ke, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta, tana share hawaye. "Tana nan. Wallahi sun bar min ita."