Ranar da Ludayi Ya Zo Hannuna

Ban taɓa son wasan nan ba, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Zan faɗi yadda ya shigo gidanmu daki-daki, don kada a ce na ƙi shi babu dalili.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal. Maigidana noman rani yake yi, tumatir da albasa, in damina ta faɗi kuma shinkafa. Ni turara shinkafa nake yi, in shanya, a kai inji. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, amma na san yadda ake riƙe gida. Yaro ya tashi da asuba, ya yi salla, ya gaida manya, ya yi aikinsa, sannan ya ci abinci. Haka na taso, haka na ɗora nawa.

Ƙanwar maigidana malamar firamare ce a Madobi, kuma duk hutu a gidanmu take yin sa. Yara Gwaggo suke ce mata. Ni Malama nake ce mata, ta kuma san ba don girmamawa ba ne. A wani hutu da ya faɗo lokacin ɗiban tumatir ta zo da wani wasa da aka koya musu a taron malamai a Kano. Yana da suna da Turanci, ban riƙe ba, ban kuma nema ba.

Ga yadda ake yi. Za a zauna a kewaye a kan tabarma, a ɗauko ludayi. Wanda ludayin ke hannunsa shi kaɗai zai yi magana, ba mai katse shi, ko da babba ne. Da farko zai faɗi abin da ya faranta masa rai a yinin. Sai abin da ya ɓata masa rai. Daga nan ya kira sunan na kusa da shi, ya faɗi alherinsa guda, ya miƙa masa ludayin. Ludayina na kunu ta ɗauka, ba ta tambaye ni ba.

Na ce, "Malama, wane irin wasa ne wannan da babu mai ci, babu wanda aka cinye?"

Ta ce, "Yaya, ai ba na gasa ba ne. So ake yaro ya san abin da ke ransa, ya kuma san na ɗan'uwansa."

"Ransa da bai san wanke kwano ba?"

Ta yi dariya ta ce tsufa ya kama ni tun kafin furfura. Na ce gara tsufana da yarintar mai digiri. Ba ta da digiri, kuma abin yana yi mata ciwo.

Yanzu sai in yi maganar ɗana na fari, don a kansa abin ya tsaya. A lokacin yana ajin ƙarshe na firamare. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta nuna shi a gaban mutane. Kunya ce, uwata ta yi wa yayana, kakata ta yi wa nata. In zan ba shi abinci sai in ce wa ƙanwarsa, "Kai wa wancan." In zan aike shi sai in ce, "Kai, zo." Ba ƙiyayya ba ce, kuma duk wanda ya taso a nan ya sani.

Kafin zuwan Malama, yayan maigidana da ke da kanti a Kumbotso, wanda yara ke kira Baffa, ya zo ya ce a ba shi yaron riƙo. Maigidana ya ce ya dawo ranar Juma'a, in yaron yana so shi ke nan. Da ya tambaye ni, na ba shi amsar da ake bayarwa a kan ɗan fari: "Naku ne, ni ina ruwana." Amma ban so ba ko kaɗan. Na ga wani yaron dangi da Baffa ya riƙa. Makaranta ta tsaya, sai auna gari da sukari daga safe har rufe kanti. Sai dai ba ni da bakin faɗa. Abin da na dogara da shi kawai, yaron da kansa zai ce ba ya zuwa, tunda yana son gonar babansa.

Ana saura kwana kaɗan Juma'ar, bayan la'asar, ina tsakar gida ina yanka tumatir zan shanya kauɗa, don ya yi yawa a kasuwa an dawo mana da kwanduna. Uwar mijina tana kusa da ni tana tsince ruɓaɓɓu. Malama ta tara yaran a kan tabarma. Na juya musu baya, amma kunnena yana wajen.

Autata ce ta fara. Ta ce ta ji daɗi don ta sha rake, ta ji haushi don akuya ta cinye sauran. Aka yi dariya. Ludayi ya koma hannun ta tsakiya, mai bi wa babban.

Ta ce, "Na ji daɗi Gwaggo ta yi mini kitso. Abin da ya ɓata mini rai kuwa, Umma ta ce Gwaggo surutu ta iya ba aiki ba."

Malama ta ce, "Yaya, kin ji?"

Na ce, "Na ji. Ban kuma janye ba."

Kun ga amfanin wasan na farko ke nan, kwashe maganar ɗaki a zuba a tsakar gida.

Sai ludayi ya je hannun babban. Ya daɗe yana juya shi. Can ya ce abin da ya faranta masa rai shi ne ranar Juma'a zai bi Baffa Kumbotso. Wuƙar hannuna ta tsaya. Malama ta ce ya ci gaba, saura na ɓacin rai. Ya ce babu. Ta ce a'a, kowa yana da shi, ya duba ransa da kyau, a nan ba a dukan kowa. Ta yi ta lallaɓa shi har ya buɗe baki.

Ya ce, "In na tafi ba wanda zai ji ba na nan. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Takan kira na kowa, ni sai wancan. Jiya ma ta zane ni don na shiga kanal, alhali duk yaran unguwa suna shiga."

Malama ta ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari da ka faɗi." Madalla ta ce, wai. Sannan ta karɓi ludayin, ta tako har inda nake, ta miƙo mini a gaban uwar mijina.

"Yaya, ke ce kusa da shi yanzu. Ki kira sunansa, ki faɗi alherinsa guda ɗaya. Shi ke nan fa."

Uwar mijina ta ce, "Ke, ba a yin haka." Malama ta ce, "Inna, zamani ya wuce nan."

Na goge hannuna a zani na karɓa. Na ce, "Kin ce mai riƙe da wannan ba a katse shi?" Ta ce haka ne. Ban dubi tabarmar ba, ita na duba.

Na ce, "To saurara. Na farko, ludayin nan nawa ne, a gidan nan ana tambaya kafin a ɗauki abu. Na biyu, kina zuwa hutu ki tafi, ba ki san komai a gidan nan ba. Shekarar da wancan ya kwaso tsargiya a kanal ɗin nan yana fitsarin jini, kina Madobi kina rera wa 'ya'yan mutane waƙa. Ni na goya shi, ƙato da shi, har bakin titi, na sami mota zuwa asibitin Kura. Ranar da na sake ganin ƙafarsa a ruwan nan zan sake zane shi, ki rubuta a allonki."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai auta ta ce, "Gwaggo, ludayi ba ya hannunki." Ta rufe.

Na ce, "Na uku, ki tambayi ƙanwarsa kwanon wa nake fara zubawa kafin in ce ta kai. Ki tambaye ta wa ake ajiye wa ƙanzon shinkafa, su suna kuka a ba su. In an dawo daga dashe ƙafa ta yi faso, wa ke ajiye man kaɗanya a bakin ƙofar ɗakinsa? Aljanu ne? Na huɗu, kin zo kin sa yaro ya tona cikinsa a gaban ƙannensa, kin ce madalla, gobe ki hau mota ki bar ni da shi. Kuma kina so in buɗe baki in kira suna a gaban Inna, kamar wadda ba ta da uwa. Ba zan kira ba. Wanda ya ga kanti ya fi masa gida, ga hanya nan. Ni dai ban ce a tafi ba."

Na ajiye ludayin a cikin kwandon tumatir, na ɗauki wuƙata. Uwar mijina ta ci gaba da tsintarta, sai dai na ga ta ɗan kawar da kai, don kalmata ta ƙarshe ma ta wuce abin da ya kamata uwar ɗan fari ta faɗa. Malama ce ta ja ni har na faɗe ta, kuma ban yafe mata wannan ba.

Yaron ya tashi ya fita. Da magariba ya dawo ɗauke da itacen da nake turara shinkafa da shi, alhali ban aike shi ba, ya jibge a bakin murhu.

Ranar Juma'a Baffa ya zo a kan babur ɗinsa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yana so ya tsaya ya taya babansa ban ruwa har a gama albasa. Baffa ya ce to bayan albasa. Bayan albasa aka shiga dashen shinkafa, maganar ta bi ruwa. Yanzu yana sakandare a Kura, a gida yake kwana.

Malama tana nan tana gaya wa mutane wasanta ne ya hana shi tafiya. Ni abin da na sani, kafin ta zo ban taɓa jin yaron ya ce zai tafi ba, kuma da na yi shiru a ranar kamar yadda ya dace da ni, da yana can yana auna sukari. Wasan da zai sa uwa ta zaɓi tsakanin kunyarta da ɗanta ba wasa ba ne.

Ƙananan har yanzu suna yi, da toton masara, don na hana su ludayina. Wani lokaci in an zo kaina sai su leƙo su ce, "Umma, saura ke." In ce su wuce da shi, ina da aiki. In na gama tuƙa tuwo kuma na zuba kwanon farko, ƙanwarsa nake kira, in ce ta kai wa wancan.