Ki Tsallake Ta

A unguwarmu ta bayan sakatariya a Dutse, tsakar gidana ce matattarar yara. Allah bai ba ni haihuwa ba, wannan kowa ya sani, amma ya ba ni baki, maigidana kuma ya sa mana sola. Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, da an yi la'asar za ka ji ƙarar silifas a zaure. Iyayensu mata har turo su suke yi: "Ku tafi gidan Anti, ku bar ni in sha iska." Ni kuwa abin nema ya samu, don in gidan ya yi tsit ji nake kamar ba ni da lafiya.

Labarin littafi nake ba su, in karanta da Turanci a zuci, in zubo musu da Hausa. Akwai wani da na saya wurin masu baza tsofaffin littattafai a hanyar jami'a, labarin wata yarinya da ta bi akuyarta cikin kogo, ta tarar da wani tsoho mai dogayen hannuwa yana kiwon yaran da suka ɓata. Kullum gashin tumaki na ƙara tsiro musu, shi kuma yana bin su da almakashi, har dai yarinyar ta yi dabara ta fito da su. Yara suka haukace a kan labarin nan, musamman autar maƙwabciyata, 'yar aji biyu, wadda ba ta da wurin zama sai cinyata. Ita ce ma take yi mana kukan akuya.

Da na ji an mayar da littafin fim, na sa aka tura mini a waya. Na kalla ni kaɗai, wallahi ya burge ni. Ba zane ba ne irin katun ɗin da suka saba gani. 'Yan tsana ne aka ƙera da laka da waya da gashin dabba, a motsa su kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsawa a ƙara ɗauka, har su yi tafiya su yi magana. In ka lura ma za ka ga shatin yatsan maƙerin a kumatunsu. Na ce yaran da aka raina da labarin Dodo yana haɗiye mutum sukutum, me zai ba su tsoro a nan? Har gobe ban ga laifina ba.

Wata Juma'a da damina na kunna musu a talabijin. Ba a jima ba hadari ya taso, iyaye mata suka fara shigowa ɗaukar 'ya'yansu, ruwa kuma ya tsare su a falona. Har da surukar maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta zo daga Ringim ganin jikoki. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo musu fura ita da sauran matan.

Da farko dariya ake yi. Wata ta ce tafiyar yarinyar kamar ta hawainiya. Sai tsohon ya fito. Hannunsa ne ya fara leƙowa daga duhun kogo, yana tahowa, yana tahowa, shi kansa bai iso ba tukuna. Da fuskar ta bayyana, ido ɗaya ya ƙifta, ɗayan ya tsaya ƙyam. Wani yaro ya rarrafa ya shige bayan kujera.

"A'uzu billahi," in ji matar wani jami'in kwastan da ke kusa da mu. "Malama, wannan ai ba katun ba ne, gumaka ne."

Na ce 'yan tsana ne, Hajiya, irin waɗanda muka yi wa biki muna yara.

"Tamu 'yar tsanar ta taɓa juyowa ta kalle ki?"

Na shiga yi musu bayanin laka da waya da ɗaukar hoto. Wa ya aike ni! Wata ta ce babu ɗan Adam ɗin da zai zauna yana wannan wahalar, sai dai in da taimakon mutanen ɓoye. Wata ta ce mala'iku ba za su shiga gidan nan ba yau. Wata ta tofa addu'a a tafin hannu ta shafe fuskar ɗanta. Abin haushin, duk wannan zagin da suke yi babu wadda ta ɗauke ido daga talabijin. Su tsine, su ƙara matsowa.

Da aka zo inda gashi ya fara tsirowa a wuyan wani yaro, yana son ya kira uwarsa amma kukan tunkiya ne ke fita, auta ta ƙanƙame ni ta fashe da kuka. Dattijuwar nan ta ture kwanon fura gefe.

"Wannan ai maita ce ƙarara," ta ce. "Haka suke yi. Su kama kurwar yaro su mayar da ita dabba." Ta juyo ta dube ni. "'Yar nan, ke ina kika san wannan abin?"

Na ce a littafi, Baba.

"Uhm," ta ce. Ta miƙa hannu ta janye jikarta daga cinyata.

Ruwa bai gama tsayawa ba suka kwashe 'ya'yansu, wasu da faranti a ka. Fim ɗin ya ƙare ni kaɗai, babu wanda ya ga inda aka ceto yaran.

Alhamis ta zagayo, babu yaro ko ɗaya. Na soya gyaɗa ta huce a banza. A wurin niƙa in na iso sai hira ta mutu. Raina ya ɓaci, na ce oho, su ƙarata, in hutun makaranta ya ishe su da kansu za su turo su.

Ana nan wata rana sai ga maƙwabciyata da hantsi, ko mayafin kirki babu, idanunta sun kumbura. Matar da muke cin abinci a kwano ɗaya, amma ta toge a bakin ƙofa. Ta ce auta ce ba lafiya, jiki kamar wuta, tana ta sambatu: "Anti, gashi yana fito mini, Anti ki cire."

Na zari mayafi na ce mu tafi asibiti, wannan zazzaɓin sauro ne.

Ba ta motsa ba. "Yaya, don girman Allah, ki zo ki tsallake ta."

Ban san sanda na zauna ba. A wurinmu wanda ake zargi da maita shi ake sa wa ya tsallake majinyaci, wai don ya saki kurwar da ya kama.

"Ni? Ni kike gaya wa haka? Yarinyar da na taya ki wankan jegonta, na goya ta har bayana ya yi kanta?"

"Ni ban ce ke ce ba. Baba ce ta ce sunanki take kira. Ta rantse ba za a fita da ita ba sai an yi."

Na zazzaga mata masifa, ban rage komai ba. Tana tsaye tana hawaye. Na san abin da ke gabana sarai: in na ƙi yarinyar ta mutu, ni ce, in na yi ta tashi, ni ce. Amma yarinyar tana can tana ƙonewa, mahaifinta kuma yana wurin aiki a Legas, babu mai tsawata wa tsohuwar.

Na tarar da gidan cike da mata, duk waɗanda suka sha furata. An kwantar da auta a tabarma a tsakar gida, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ɗago mini hannu. Na tattare zanina na tsallake ta. Na ji wata ta ce "Alhamdulillahi" a bayana. Ban waiwaya ba, na sunkuce yarinyar na saɓa a kafaɗa, na fita titi na tare adaidaita, uwar na biye da ni a guje.

Zazzaɓin sauro ne, har ya fara taɓa mata kai. Aka sa mata ruwa da allurai. Ni na yi jinyarta tare da uwar, ni na riƙa ba ta kunu a cokali. Da aka sallame mu tana tsalle a bayan adaidaita tana neman rake.

Bayan kwana biyu na ji sallama a zaure. Maƙwabciyata ce, da kwanon dambu a hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙe wuyan hannun auta tamau. Yarinyar na ta fizga tana son ta rugo wurina. Na ce su shigo mana. Ta ajiye kwanon a ƙasa daga inda take.

"Sauri muke yi, Yaya. Baba ce ta ce a zo a yi miki godiya. Allah ya saka da alheri da kika sake mana ita."