Ranar da Harisu ya tsaya

Shekara bakwai ke nan da aka kashe ɗana Harisu a bakin kasuwar Wadata, da rana tsaka. Ban taɓa rubuta komi a kansa ba. Bana na ɗauki alƙalami ne don ƙanensa Bashiru ya samu parmi, wato lasin tuƙi, zai fara jan taksi, kuma ya yi mini tambayar da ta hana ni sukuni: "Inna, in na buge mutum, in tsaya ko in gudu?"

Direbobin Yamai suna da amsarsu tun da daɗewa. Ba a tsayawa. Ka zarce kwamisariya ka miƙa kanka ga 'yan sanda, don taro ba ya jiran bayani. Harisu, da yake shi ma direba ne, ya san haka sarai. Sai dai shi mutum ne mai yarda da takarda. Shi ya kai ni karatun manya, yana cewa wanda ya iya karanta takardarsa ba a cutarsa. Asirans ɗin motarsa kuwa, wato inshora, bai taɓa bari ya mutu ba, ko da miyarmu za ta rasa nama.

Ranar, wani ɗan dako mai suna Idi ya ɓullo da amalanke daga bayan babbar mota, Harisu ya buge shi da mota, ya karya masa ƙafa. Ya tsaya. Ya durƙusa ya tallafe kan Idi. Da mutane suka fara ihu, sai ya tashi ya nufi motarsa don ya ɗauko takardar asirans, ya nuna musu akwai mai biyan magani. Suka ɗauka gudu zai yi. Aka fizgo shi daga bakin ƙofa. Na farko ya sauke masa ƙarfen awo a ka, sauran suka bi da duwatsu da katakon rumfa. A likita, wato asibiti, da zoben hannunsa na gane shi. Fuskar ba ta ganuwa.

Asirans ya yi aikinsa. An yi wa Idi magani, yau yana tafiya, duk salla yana zuwa gaishe ni. Mu kuwa aka karanta mana cewa takardar ta wanda mota ta buge ce, ba ta wanda mutane suka kashe ba. 'Yan kasuwa ne suka ciyar da matar Harisu har ta fita takaba, aka zaga da ƙwarya rumfa-rumfa ana tara shinkafa. Na ci shinkafar nan ina sane da cewa cikin hannayen da suka zuba akwai waɗanda suka ɗaga dutse. Na ci, don akwai jikoki.

Yanzu a rediyo ana ta zancen asirans na lafiya da zai haɗa kowa. Da Harisu yana nan, da ya ce, "Kin gani ko, Inna?" Ni kuma da na tambaye shi wace takarda ce ke tsayar da taro.

Jiya na ba Bashiru amsa. Na ce ya zarce kwamisariya, kada ya waiwaya. Ya ce, "To ai Yaya tsayawa ya yi."

Na ce na sani. Tsayuwar nan ita ce abin da ya rage mini na Harisu, kuma ba na jin kunyarta a gaban kowa. Amma ɗa guda na riga na ba titi, ba ni da ƙarfin ba da na biyu.

Allah ya jiƙansa, ya yafe mini wannan amsa.